Suna Ɗaya, Jijiya Biyu: Faɗakarwa Bisa Allurar Ciwon Kai Da Wuya

Wata magana ta fara yawo a bakin jama'a, ana cewa likitoci suna da wata allura da su ke yi wa mutum a ƙeya, ciwon kan da ya shekara yana cinsa ya kwanta tun bai fita ƙofar asibiti ba. Waɗansu sun ji ta ga waɗanda suka dawo daga jinya a ƙasashen waje, waɗansu kuwa a waya suka gan ta. Maganar tana da asali. Amma labari in ya bi baki goma ya kan zubar da rabinsa a hanya, ga shi kuwa rabin da a ke zubarwa a nan shi ne wanda rai ke rataye da shi.

Abin da wannan faɗakarwa ta tsaya a kansa shi ne: allurar gaskiya ce, tana da amfani babba ga wanda aka bincika aka ga ta dace da shi. Hutu ta ke bayarwa, ba ta tumɓuke tushen cuta. A hannun wanda bai san aikinta ba kuwa tana iya kisa. Wanda ya riƙe ukun nan tare ya tsira, wanda ya riƙe na farko kaɗai ya shiga hatsari.

Ruɗanin da ke cikin kalma

Farkon abin da zai yaudari Bahaushe a wannan sha'ani harshensa ne. Kalmar jijiya a Hausa ta tattara abubuwan da Larabci ya rarrabe. Wanda ya karanci lugga ya san Balarabe ya kan ce irƙu ga hanyar da jini ke gudana cikinta, ya ce wataru ga igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, ya kuma ce asabu ga farin zaren nan da ya fito daga ƙwaƙwalwa da laka, wanda shi ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa. Bahaushe duka ya ce musu jijiya. A zancen yau da kullum wannan ba ya cutar da kowa. A zancen allura kuwa shi ne tsakanin lafiya da likkafani.

Dalili kuwa, in aka ce allurar jijiya a kasuwa ko a shagon magani, abin da kowa ke fahimta shi ne a ɗaure hannu a nemo jijiyar jini a tura magani cikinta, yadda a ke yi wajen ƙarin ruwa. Allurar da a ke magana a nan kishiyar wannan ce. Ita maganinta a gefen asabu a ke zuba shi, watau jijiyar ji, kuma babban abin da likita ke tsoro shi ne ya kuskure ya shiga jijiyar jini. In ya shiga jini da yawa, sai leɓe ya mutu, kunne ya riƙa ƙara, jiri ya ɗebi mutum, daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya, daga nan zuciya ta rikice ko ta tsaya. To, a duba halin ɗan kasuwar da ya ji labari a mota, ya sauka ya nufi mai kemis ya ce a yi masa allurar jijiya ta ciwon kai. Shi bai san abin da ya roƙa ba, wanda ya roƙa bai san abin da aka roƙe shi ba, ga kuma kuɗi a tsakani.

Yadda ta ke aiki

Jijiyar ji kamar wayar tangaraho ta ke, saƙo ke bin ta daga fata da tsoka da gaɓa zuwa ƙwaƙwalwa. A jikinta akwai waɗansu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, gishirin jiki ke shiga ta cikinsu, shigarsa kuwa ita ke tura saƙo gaba. Maganin kashe zafi, irin su lidoken da bufibaken, aikinsa ya toshe ƙofofin nan na wani lokaci. In sun toshe, saƙo ba ya wucewa, sai wurin ya mutu, kamar yadda dasashi ke mutuwa in za a cire haƙori.

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, jere bisa juna. Daga tsakanin na farko da na biyu wata jijiya ta fito, ta ratsa tsokar dokin wuya, ta ɓullo a ƙeya, ta bazu bisa fatar kai har tsakar ka. Ita a ke kira babbar jijiyar ƙeya, akwai ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tana da ƙanwa da ta bi ta bayan kunne, da kuma ta uku da ta fito daga wajen ƙashi na uku. Abin mamaki shi ne, a can saman laka jijiyoyin nan suna sauka zango ɗaya da babbar jijiyar fuska, mai rassa uku, wadda ke kawo labarin goshi da ido da haɓa. Ayari biyu in suka sauke kaya a zango ɗaya, mai lissafi ya kan rikita kayan wannan da na wancan. Haka ƙwaƙwalwa ke yi. Cuta tana wuya, mutum yana jin ta a goshi ko bayan ido. Saboda wannan haɗuwa kuma, in aka kwantar da jijiyar ƙeya, hayaniyar zangon duka ta kan lafa, har ciwon da ke gaban kai ya yi sauƙi.

Aikin kansa ba shi da tsawo. Majinyaci ya kan zauna ya sunkuyar da kai. Likita ya laluba tudun ƙashin nan da ke tsakiyar ƙeya, ya laluba ƙashin bayan kunne, ya auna kamar sulusin tazarar da ke tsakaninsu daga wajen tsakiya. A daidai nan jijiyar ji ta ke, kuma wata jijiyar jini mai bugawa tana kwance dab da ita. Saboda haka sai ya goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya soka siririyar allura, ya ɗan ja baya ya tabbata jini bai biyo ba, sa'an nan ya zuba magani mililita 1 zuwa 3, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wani lokaci a kan haɗa da maganin kumburi na dangin kotizon. Cikin 'yan mintoci fatar kai ta mutu. Mutuwar fata ta kan wuce bayan 'yan sa'o'i, amma sauƙin ciwon ya kan zarce kwanaki ko makonni ga wanda ta karɓa. Akwai kuma wanda za a yi wa bai ji wani canji ba. Likitan da ya san aikinsa ya kan faɗi haka tun kafin ya ɗauki allura.

Asalinta

A shekarar 1884 wani likitan ido a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Koller, ya nuna cewa in aka ɗiga ruwan koken a ido a kan yi masa aiki ba zafi. Kafin shekarar ta fita, William Halsted, likitan fiɗa a Niu Yok ta Amurka, ya fara zuba maganin a gefen jijiyoyi, ya ga duk yankin da jijiya ke mulki ya mutu. Shi da abokan aikinsa a jikinsu suka riƙa gwaji, koken kuwa ya kama su, Halsted ya daɗe yana fama da jarabarsa. Wannan ya sa aka shiga neman wanda ba ya kama mutum. A 1905 Novocain, wanda Alfred Einhorn ya haɗa a Jamus, ya shiga hannun likitoci. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin, aka fara sayar da shi a 1948, har yau kuwa shi ne ruwan dare a asibitoci. Ke nan tun ranar farko maganin nan da alherinsa da sharrinsa tare suka zo, kuma wanda ya fara cutuwa da shi gwanin likita ne, balle wanda ya koyi allura a bayan kanta.

Waɗanda ta dace da su

Ciwon kai ba iri ɗaya ba ne. Malaman ɗibbu na da sun san haka, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rarraba shi kashi kashi a cikin Alƙanun, ya ware shaƙiƙa daban. Likitocin yau sun ƙara rarrabewa, kuma iri huɗu ne aka fi yi wa allurar ƙeya dominsu.

Na farko, ciwon jijiyar ƙeya ita kanta. Alamarsa suka ce kamar walƙiya, ta taso daga dokin wuya ta haura tsakar ka, fatar kai ta yi tsami har hula ko matashi ya dami mutum. A nan allura magani ce kuma shaida ce, domin in ciwon ya ɗauke da zarar jijiyar ta mutu, an gane mai laifi.

Na biyu, ciwon kan da tushensa wuya ne, wanda likitan Norwe Ottar Sjaastad ya ba suna a 1983. Ya kan tsaya gefe ɗaya, juya wuya ko daɗewa a sunkuye ke tayar da shi. Mai rubutun allo da mai duba littafi tun asuba, da tela, da direban doguwar hanya, da wanda ya girma yana ɗaukar kaya bisa gammo, duk sun san kamanninsa.

Na uku, wani ciwo mai tsanani ƙwarai da ya fi kama maza. Ya kan kama kewayen ido ɗaya, idon ya yi ja yana hawaye, hanci ya toshe, ya yi minti 15 zuwa sa'a 3 ya saki, ya dawo gobe kusan a sa'a guda, haka har makonni, sa'an nan ya ɓace watanni. A wannan ne hujjar allura mai kotizon ta fi ƙarfi. An gwada ta a Faris, aka buga sakamakon a 2011: waɗanda aka yi wa ta gaske farmakin ciwonsu ya ragu da sauri fiye da waɗanda aka yi wa ruwan gishiri. Amfaninta ta riƙe mutum kafin ƙwayoyin rigakafi su fara aiki.

Na huɗu, ciwon ɓarin kai, watau shaƙiƙa, in ya zama na kullum, har mutum yana kwana 15 ko fiye a wata da ciwon kai, sama da wata 3. A nan tana taimakon waɗansu, waɗansu ba ta yi musu komai, kuma bincike bai nuna ƙarin kotizon yana ƙara amfani ba.

Ciwon wuya kuwa hukuncinsa ya fi nauyi. A bayan ƙasusuwan wuya akwai ƙananan gaɓoɓi biyu biyu, waɗanda tsufa ke cinyewa, ko su ji rauni sa'ad da mota ko babur ya fizgi kai gaba da baya. Kowace gaɓa tana da 'yan jijiyoyin da ke kai ƙararta. Waɗannan suna can ciki, kusa da laka da manyan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, saboda haka ba a yin allurarsu da lalube, sai ana kallon bakin allura a na'urar hoto. Manufarta ma tambaya ce. A kan kashe jijiyar gaɓar da a ke zargi, in ciwo ya ɗauke a sake gwadawa wata rana, in ya sake ɗaukewa sa'an nan a yanke hukunci cewa ita ce. Bayan haka a kan shigar da wata allura mai ɗaukar zafi a ƙone 'yar jijiyar. A garin Niyukasil na Ostireliya an gwada wannan ga mutum 24 da wuyansu ya ji rauni a hatsarin mota, aka buga a 1996. Waɗanda aka ƙone wa jijiya matsakaicin hutunsu kwana 263 ne, waɗanda aka soka wa allura ba a kunna zafi ba kwana 8. Jijiyar ta kan sake tsirowa, ciwo ya dawo, a sake.

Masu karatu za su tuna da lalas. Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya buɗe babin fiɗa na littafinsa Attasrif da ƙuna da ƙarfe, ya ambaci ciwon kai da shaƙiƙa a cikin abin da a ke yi wa. Manufa ɗaya ce, amma hanya ta sha bamban. Na da fata ya ke ƙonawa bisa iyakar sanin zamaninsa. Na yau sai ya kafa shaidu biyu kafin ya taɓa komai, kuma abin da ya ke ƙonawa bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Malamin da ya san ba a hukunci sai da bayyina bai kamata wannan tsari ya zama baƙo gare shi ba.

Abin da ba ta yi

Zafi ɗan aike ne. Wani lokaci aiken banza ya ke kawowa, jijiya ce kawai ta saba da kuka, irin wannan in aka rufe bakinsa an huta. Wani lokaci kuwa gobara aka aiko shi ya faɗa. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya, ko da mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko hardewar harshe, ko dushewar gani, ko wanda ya biyo bayan buguwa a ka, ko ya fara sabo bayan mutum ya wuce shekara 50, ko ya kama mace mai ciki tare da kumburi, duk waɗannan na gaggawa ne, asibiti a ke nufa a wannan sa'a. Mutanen Arewa ba sa bukatar a kwatanta musu sanƙarau. A 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma da ciwon kai da wuya ya ke sallama. Wanda aka yi wa allurar ƙeya bisa irin wannan, an ɓoye alama an bar cuta tana aikinta. Haka nan hawan jini, da zazzaɓin cizon sauro, da ido mai bukatar tabarau, kowanne maganinsa daban.

Ƙwayar da ta zama cuta

Akwai wata mas'ala da ta fi shafar 'yan kasuwa. Mutum ya tashi da nauyin kai, ga rumfa tana jira, sai ya haɗiyi ƙwaya biyu da shayi. Da azahar ya ƙara. Gobe haka, jibi haka, har ya zama ba ya fita sai da fakiti a aljihu. Abin da bai sani ba, maganin ciwon kai in aka yawaita shi, shi da kansa ya kan haifar da ciwon kai. Ƙa'idar da likitocin ciwon kai na duniya suka buga a 2018 ta sa iyaka: wanda ke shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu gauraye da masu sa maye kamar kodin da taramadol kwana 10 ko fiye, har sama da wata 3, kansa kuma yana ciwo rabin wata, ana zargin maganin ne ke riƙe da ciwon. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 4 da dubu 600 sun sha irin su taramadol ba bisa umarnin likita ba, a shekarar nan ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba duka ne suka fara da neman maye ba. Akwai dattijai masu mutunci da ciwon jiki ya kai su.

Maganin wannan hali a daina ƙwayar, amma makonnin farko na dainawa suna da wuya, ciwo ya kan ƙaru kafin ya ragu, a nan mafi yawa ke komawa. To, ga wurin da allurar ƙeya ke iya zama rahama, domin waɗansu likitoci su kan yi ta don ta riƙe mutum ya haye makonnin nan. Kwalekwale ce ta ƙetare kogi. Wanda ya haye ya ci gaba da tafiya, ya gyara barcinsa da zamansa, ya rage goro da shayi in sun yi yawa, ya sha maganin rigakafin da aka rubuta masa, ya ci ribarta. Wanda ya mai da ta madadin ƙwaya, yana dawowa duk wata a ƙara masa, ya sauya ubangida ne kawai. Kotizon in aka maimaita shi kusa kusa ya kan sa gashi ya zube a wurin, fata ta lotsa, sukari ya hau, fuska ta kumbura. Shi ya sa likitoci da yawa ba sa maimaita mai kotizon sai bayan wata 3.

Hannun da ke riƙe da ita

Jama'a suna da wata tsohuwar ƙauna ga allura, suna ganin wanda aka sallama da ƙwaya ba a duba shi da kyau ba. Wannan ƙauna ta ci rayuka a wurare da yawa. A Masar, daga shekarun 1950 zuwa na 1980, an yi wa miliyoyin mutane allurar tsargiya da sirinjin da a ke maimaitawa ba tare da tsabtacewa sosai ba, ciwon hanta ya bazu ta nan har ƙasar ta daɗe tana cikin mafi yawan masu shi a duniya. A Amurka, a 2012, wani maganin kotizon da ya gurɓace tun daga inda aka haɗa shi, aka yi wa mutane shi a gadon baya da gaɓoɓi, ya kwantar da sama da mutum 750, aƙalla 64 suka mutu. In haka ta faru a inda likitoci ne suka yi allurar, a asibitoci masu kayan aiki, me a ke zato ga shagon da ba a san inda kwalbarsa ta fito ba? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Har a hannun gwani akan sami jiri, ko suma ta ɗan lokaci, ko tsamin wuri na kwana biyu. Bambancin shi ne gwani ya san adadin da jiki ke ɗauka, ya tambayi abin da ya kamata kafin ya fara, yana kuma da abin ceto a kusa in abu ya ɓaci. Wanda aka taɓa yi wa fiɗa a ƙoƙon kai, alal misali, in akwai ɓula a ƙashin, magani na iya zarcewa ciki. Mai kemis ba zai tambayi wannan ba, domin bai san akwai abin tambaya ba.

Amsa ga masu ja

Wani malami zai ce, ga kaho da iyaye da kakanni suka sani, wanzami ya kan kafa shi a ƙeyar nan, a ji sauƙi, me ya kai mutum ga allura? Amsa ita ce, ba a zo rushe kaho ba, kuma abin lura ne cewa wurin da wanzami ya zaɓa tun da can bai yi nisa da wurin da likita ke nema ba. Amma wanda ya yi kaho sau uku sau huɗu ciwo yana dawowa, ya sani akwai abin da ba a gano ba, neman ganowa kuwa ba ya warware tawakkali. Sharaɗin aska ma ɗaya ne da na allura, kowane mutum da tasa sabuwa.

Wani zai tambayi hukuncinta ga mai azumi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi bisa cewa allurar magani a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, ban da wadda ke ciyarwa. Wannan kuwa ba ta ciyarwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba aikin gaggawa ba ne, ya nemi a sa masa rana bayan salla.

Ɗan kasuwa kuma zai ce, asibitin koyarwa nisa, ga layi, ga kuɗin mota, ga rumfa a rufe. Wannan kuka gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne ƙwarai bisa yawan jama'a, kuma haƙƙi ne bisa hukuma ta horar da likitocin manyan asibitocin jiha wannan aiki, tun da allurar ƙeya ba ta bukatar na'ura mai tsada, ilimi ta ke bukata. Amma shi ma ya buɗe littafinsa ya yi lissafi. Ya tara kuɗin ƙwayar shekara, da ranakun da ya kwanta yaro ya tsare masa rumfa, da cinikin da ya kuɓuce domin kai ya hana shi sakin fuska. Zai ga tafiyar kwana biyu ba ita ce mai tsada ba. Araha ba ta ado.

Abin yi

Wanda ciwon kai ko na wuya ya daɗe gare shi, ya fara da abin da ya iya. Malami ma'abucin alƙalami ne, ɗan kasuwa ma'abucin lissafi. Ya sami takarda, wata guda cur, ya riƙa rubuta ranar da ciwo ya zo, da sa'ar, da gefen da ya kama, da daɗewarsa, da abin da ya sha da adadinsa. Takardar nan ta fi dogon bayani amfani ga likita, sau da yawa ma mai ita ya kan gane cutarsa tun bai kai ta ba. Sa'an nan ya je asibiti a auna jininsa a duba idonsa. In aka ga da bukata, ya nemi takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, ko likitan kashe zafi, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Kada ya shiga yana cewa allura ya zo a yi masa. Ya faɗi ciwonsa, ya bar mai sani ya zaɓi magani.

In likita ya ce allurar ta dace, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗa in yana da ciwon sukari, ko yana shan maganin tsinka jini, ko an taɓa yi masa aiki a ka, ko allurar haƙori ta taɓa ba shi wahala, mace kuma ta faɗa in tana da ciki. Ya faɗi gaskiyar ƙwayoyin da ya ke sha, ko da akwai na jin kunya a ciki. Ya tambaya wane magani za a zuba, da kotizon ko babu, sau nawa za a yi, me za a yi in ba ta karɓa ba. Likitan kirki ba ya fushi da tambaya. Bayan an yi, ya zauna kaɗan kafin ya tashi, kada ya hau babur nan take. In ya sami hutu, ya yi aiki da hutun: ya ɗaga littafi ko waya zuwa daidai ido maimakon ya kai kansa gare su, ya riƙa miƙewa tsakanin darasi da darasi, ya koyi motsa wuya wurin masu gashin ƙashi na asibiti.

Malamai kuma, da ya ke su jama'a ke fara kawo wa kuka kafin likita, nauyi ya hau kansu su rarrabe wa almajirai da maƙwabta jijiyar jini da jijiyar ji, su kuma hana kowa miƙa ƙeyarsa ga wanda ba likita ba, komai sunan da ya yi a unguwa wajen iya allura. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa a dace da masu magani na gari. Haza wasalam.